Injiniya Wagdi da Hankicin Ɗaurin Aure

"Ka ga hannun nan?" in ji Injiniya Wagdi, ya zaro shi daga ƙarƙashin ƙyallen aski ya ɗaga har ya kusa tsone mini ido. "Duk faɗin Damanhur babu kwamfutar da za ta ga hannun nan ba ta nutsu ba. Ko Iskandariya ka je, in ka cire ni, sauran duk 'yan share ƙura ne."

Na ce masa ya mayar da hannun ya daina motsi, don reza ce a wuyansa. Bai daina ba. Tun da na fara sana'ar aski ban taɓa ganin mutumin da ake ɗora wa reza a maƙogwaro yana ci gaba da cika baki ba, sai shi.

Bari in gabatar maka da shi, abokina, don ka san wanda muke fama da shi. Wagdi rigar waya da caja yake sayarwa a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, shagon da in ya yi hamma sai gwiwar hannunsa ta fito waje. Injiniyancin kuwa, ya taɓa shiga makarantar gyaran firji, ya fito tun kafin a kai darasin buɗe bayan firjin. Amma a garinmu in mutum ya sa tabarau ya rataya jaka, ka kira shi Injiniya kawai ka huta. A cikin jakar akwai laftof, bayanta shafe da sitikar tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara, baƙi da fari mai tumbi, wanda shi ne tambarin Linux. Bayan laftof ɗin mun gan shi har mun gaji, don yakan zaro ta ya ajiye a teburin shayi ya dafa kamar mai shirin rantsuwa. A buɗe ne dai babu wanda ya taɓa ganinta. In ka tambaya sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce aikin tsaro ne a ciki.

Ni ban san kwamfuta ba, amma duk wanda ya yi shekaru yana aske Wagdi dole ya haddace karatun. Babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, a wurinsa iri biyu ce. Akwai ta kuɗi, wadda ke kowane ofis da gidan waya, wadda ba ya ambaton ta sai ya yamutsa fuska ya ce ta bayi ce. Akwai kuma Linux, ta 'yantattu, kyauta, cikinta a buɗe, kowa na iya leƙawa ya gyara. Ita ma Linux ɗin ba ɗaya ba ce, dangi ne guda, kowacce da halinta, kuma na lura masu riƙe da su sun fi raina junansu a kan yadda suke raina na waje.

"Mint?" yakan ce, ya taɓe baki ta cikin kumfa. "Shinkafa da madara ce, abincin marasa haƙori. Kana kunnawa komai na nan inda tsohuwa za ta gan shi. Ina abin burgewa? Ubuntu kuwa koshari ce ta bakin titi, kowa da kowa na ci, in ta ba ka matsala ko direban tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ka tambaya zai gaya maka magani. Debian tsohuwar motar hayar Iskandariya ce, ba ta gudu, ba ta mutuwa, kayan cikinta na zamanin kakanka. Fedora amarya ce, kafin ka saba da wannan rigar ta sauya wata."

"To kai wacce kake hawa?"

Sai ya lumshe ido. "Arch. Ita ba a ba ka kujera. Katako ake ba ka da ƙusa, ka haɗa abarka da hannunka. Ba ta yara ba ce, Usta Fauzi. Kai dai ci gaba da askinka."

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da gidan shayin Alhaji Sobhi, kuma Alhaji surukin Wagdi ne, don 'yarsa Nagla yake aure. Alhaji mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ɗansa namiji ɗaya, Haisam, yana Milan ta Italiya yana gasa burodi, shekara da shekaru bai zo gida ba saboda takardu. Kafin ya tafi ya ɗora Mint a kan wata tsohuwar kwamfuta, ya haɗa ta da ƙaton talabijin ɗin gidan shayin, ya bar hotonsa guda a tsakiyar allo. Duk Juma'a bayan masallaci Alhaji zai danna hoton nan, sai ga Haisam ya cika bango. Tun da aka kafa ta ba ta taɓa yin ko tari ba.

Wannan talabijin, ba don ƙwallo aka fi ji da shi ba. Don Maman Haisam ne. Yanar ido ta rufe mata gani, in ka ba ta waya inuwa kawai take gani tana motsi. Amma in ta jawo kujera ta zauna dab da ƙaton gilashin nan, tana ganin fuskar ɗanta sarai, har ta yi masa faɗa a kan rama. Mace ce da duk layinmu ke shakka, ni kaina in ta wuce ƙofar shagona sai na gyara tsayuwa. Kuma ita kaɗai ce a Damanhur ba ta taɓa kiran Wagdi Injiniya ba. Mijin Nagla take ce masa, tana faɗa kamar mai ambaton ciwon baya.

Sai ga labari Haisam zai yi aure can Milan, 'yar wasu mutanenmu da suka daɗe a can. Ka san yadda muke ɗaurin aure: ango da uban amarya su riƙe hannun juna, a lulluɓe hannuwan da farin hankici, malam ya dafa ya yi karatu, yana ɗaga hannu gwauraye su yi wawar hankicin, wai wanda ya samu shi ne na gaba. Maman Haisam ta ce ba za a sayi hankicin kanti a ɗora a hannun ɗanta ba. Da kanta ta ɗinka, hancinta na gogar ƙyallen, ta zana sunan ango da na amarya da zaren zinare, yatsunta duk sun sha allura. Ta ba wani mai tafiya ya kai.

"Ban ce a kai ni Italiya ba," ta gaya wa Alhaji a gabana. "In ga hankicina a kan hannun ɗana, shi ke nan. Bayan wannan ko idon ya rufe gaba ɗaya, na gode Allah."

A nan ne Wagdi ya ga ƙofa. Ya tsaya gaban kwamfutar yana girgiza kai kamar likitan da aka kira a makare, ya ce abin kunya ne a kalli bikin ɗan gida a kan manhajar marasa haƙori, alhali akwai injiniya a cikin dangi. Alhaji ya ce ai tana aiki. Wagdi ya ce aiki daban, daraja daban. Alhaji ya sake cewa tana aiki. Wagdi ya tafi gida ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, har Nagla ta zo ta roƙi ubanta ya bar shi ya gwada, ko ta samu ta ci abinci cikin kwanciyar hankali. Alhaji ya ce to.

Ya iso da filash rataye a wuya kamar laya. Ya ce Debian zai ɗora, don dattijo sai da dattijuwa. Kwamfutar ta tambaye shi ko ta goge duk abin da ke ciki, ya danna e da ƙarfi har teburin ya motsa, ya waigo ya kalle mu ko mun gani. Da ta kawo masa wasu 'yan akwatuna ya zaɓi abin da yake so, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire alamar da ke jikinsu, yana cewa gwanaye ba sa tara tarkace. Ashe har da allon hotuna ya zubar cikin tarkacen. Kwamfuta ta tashi, talabijin ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan farin rubutu a saman kusurwa.

"Wagdi, ɗana," in ji Alhaji a hankali, "ina hoton Haisam?"

"Baba, wannan Debian ce. Ba ta wasa da hotuna. Kamun kai ke gare ta."

Ustaz Girgis, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya ya tare a teburin domino na kusa da ƙofa, ya ɗago tabarau ya karanta rubutun, ya ce tambaya take yi wai wane ne kai. Wagdi ya ce ya sani. Ya rubuta sunansa. Ta nemi kalmar sirri. Kalmar da shi da kansa ya ƙirƙira kafin shayinsa ya huce, ya yi ta doguwa mai ƙahonni don kada 'yan leƙen asiri su gane, ita ce ta ɓace masa fat. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya cire tabarau ya goge, ya ce madannan ne suka tsufa. Daga ƙarshe ya miƙe ya sanar da mu cewa ya auna Debian ya ga ta yi wa gidan shayi nauyi.

Washegari ya zo da Ubuntu, yana ɓoye filash ɗin a tafin hannu kamar mai sayen maganin basir. Ita wannan, ko ni da aka ba ni zan ɗora, don ba abin da take so sai ka yi ta danna ci gaba. Kuma ta yi aiki, wallahi ta yi. Ranar Juma'a aka kira Milan, Haisam ya cika bango, ya ɗaga hankicin ya kawo shi dab da kyamara don uwarsa ta ga ya iso. Maman Haisam ta miƙa hannu ta shafa gilashin, ta bi zaren zinaren da yatsa, sannan ta ce masa ya rame. Alhaji ya ba Wagdi shayi kyauta har da na'ana'a. Wagdi ya zagaya teburori yana karɓar gaisuwa, ƙirjinsa na gaba, shi yana biye. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin ba ka.

Amma Ustaz Girgis yana nan. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Ya buga ƙwayar domino a tebur, ya kalli allon, ya ce, "Af, wannan ai irin ta makarantar su Marina ce, jikata. 'Yan firamare har kyanwa suke zanawa da ita. Madalla, Injiniya, ka zaɓo mai sauƙi."

Ina tsaye a ƙofar shagona na ga fuskar Wagdi. Na san fuskar nan fiye da matarsa, kowane lungu nata na bi da reza, kuma na ga lokacin da kalmar sauƙi ta shige ta. Gara a zage shi da a ce ya yi abu mai sauƙi.

Kafin Alhaji ya dawo daga sayen sukari da safe, Ubuntu ta bi Mint. Fedora ce a kai, sabuwa fil, tana sheƙi. Gaskiya ita ma ba ta yi laifin komai ba, aikinta take yi, sai dai allon fes yake kamar an share ɗaki an kwashe kaya, komai an adana shi a inda sai ka san hanya. Alhaji, wanda abu ɗaya ya iya dannawa a duniya, ya zauna yana lalube har la'asar. Da Allah ya taimake shi ya gano inda kiran yake, sai ya yanko filasta ya manna a kan gilashin talabijin daidai wurin, don kada ya sake ɓacewa. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗaga murya. Ya rantse da kabarin mahaifinsa cewa babu mai sake taɓa kwamfutar nan sai an ɗaura aure. Wagdi ya dafa ƙirji ya ce shi ma ya gama, ai yanzu ta kai matsayin da yake so.

Abin da ya ɓata lamarin, Haisam ne da kansa, bawan Allah, da kyakkyawar niyya. Ana gobe biki ya kira don a gwada, yana cikin hira ya ce yayan amarya injiniyan kwamfuta ne a wani kamfani can Milan, kuma ya ba shi labarin injiniyan gidansu, har yayan yana ɗokin su gaisa bayan ɗaurin aure. Wagdi ya yi murmushin yaƙe. Na san abin da ke ransa. Cikin mutanen nan, in biyu suka haɗu, ba sa tambayar lafiyar iyali kafin su tambayi wacce kake hawa. Kuma amsa ɗaya ce Wagdi ya yi shekaru yana tanadi.

Ranar biki da hantsi Alhaji yana kan kujerata, fuska duk kumfa, na hango Wagdi ta madubi ya wuce sumul da jakarsa ya shige gidan shayi. Na ce, Alhaji, ga surukinka can. Ya ce ƙyale shi, fitilu zai rataya. Na ci gaba da aikina, amma raina bai kwanta ba.

Zuwa azahar an toshe layin da rumfar zane mai launi-launi, an jera kujeru har ƙofar mai gyaran takalmi. An kawo jan sharbat a manyan tulunan gilashi, da tire-tire na shinkafa da madara an barbaɗa kirfa. Mai ganga da mai algaita sun zo. An fito da talabijin bakin ƙofa yana fuskantar jama'a, an jona masa lasifikokin biki guda biyu masu tsayin mutum. A gaba, dab da gilashin, aka ajiye kujera mai ruwan zinare irin ta amare, Maman Haisam ta zauna a kai cikin baƙar rigarta ta fita kunya, hannuwanta a kan cinya.

Talabijin kuwa baƙi ƙirin. Filastar Alhaji tana nan manne, tana nuna wurin da babu komai. A can sama wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Wagdi na tsugune a gefe, waya a hannun hagu yana karanta umarni, yatsa ɗaya na hannun dama yana farautar haruffa. An ba shi katako da ƙusa, kamar yadda ya daɗe yana fata, sai ga shi bai san ta inda ake riƙe guduma ba.

Alhaji ya tsaya a kansa. "Wagdi. Na rantse da kabarin mahaifina."

"Baba, kai ka rantse, ni ban rantse ba. Harsashi nake zubawa. Yanzun nan za ka ga gini."

Jama'a suka fara. Mai sayar da kifi ya tambaya ko wuta aka ɗauke a Italiya. Wata tsohuwa ta ce ita fa ta ga amarya, baƙa ce kyakkyawa, Allah ya ba da zaman lafiya. Mai ganga, ɗan banza, ya daidaita bugunsa da ƙiftawar ɗan layin nan, dum, dum, dum, har yara suka kama tafi. Wagdi ya rubuta wani dogon abu ya danna, allon ya amsa da layi ɗaya. Ustaz Girgis, wanda babu wanda ya roƙe shi, ya fassara da murya mai daɗi cewa ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Gumi ya jiƙa rigar Wagdi har ana ganin singiletinsa. Ya ce intanet ne. Ya ce zafi ne ya taɓa na'urar. Ya ce hayaniya ta yi yawa, Arch ba ta son hayaniya.

Ana haka wayar Nagla ta yi ƙara. Wani abokin Haisam ne ya yi kiran bidiyo daga Milan, ya ce malam ya zauna, an fara. Nagla ta ruga ta sa wa uwarta wayar a hannu. Mai ganga ya ɗora tafinsa a kan fatar. Muna jin muryar malam siririya daga cikin wayar, Maman Haisam ta kawo ta har tana taɓa hancinta, ta matsar, ta karkata ta, ta rufe ido ɗaya.

"Nagla, an ɗora?"

"An ɗora, Mama."

"Sunan yana sama, ko sun kifa shi?"

Nagla ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. Wallahi abin ya taɓa ni. Na tuna yatsun matar nan da suka sha allura, na ji da reza na hannuna a lokacin da sai an riƙe ni.

Maman Haisam ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa 'yarta wayar, ta sunkuya ta zare silifarta ta ƙafar dama, ta taka da ƙafa ɗaya ba takalmi har inda Wagdi yake tsugune.

"Mijin Nagla, buɗe jakar nan."

"Mama, ai wannan ba ta irin wannan aikin ba ce. Akwai abubuwan tsaro a ciki, in na buɗe a bainar jama'a..."

Ta ɗaga silifar daidai kunnensa. Duk wanda uwa ta raina a ƙasar nan ya san ba a jayayya da wannan tsayin hannun. Wagdi ya zuge jaka, ya zaro laftof mai tsuntsaye, ya cire wayar talabijin daga tsohuwar kwamfuta ya soka mata, ya ɗaga murfin yana kawar da kai.

Lasifikokin nan biyu suka saki wani ɗan kiɗa da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan waya ko ofishin haraji ya ji shi. Tambarin manhajar kuɗi ya bayyana a ƙaton gilashi, faɗinsa ya kai tabarma.

"A'a," in ji Ustaz Girgis, yana gyara tabarau. "Injiniya, ba wannan ce ta bayi ba?" Ya matsa ya karanta wani ɗan rubutu da ke kusurwar ƙasa, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa ita kanta manhajar tana ƙorafin ba a yi mata rajista ba.

Aka yi dariya, amma gajeriya, don kowa na kallon Maman Haisam da ta koma kujerarta. Nagla ta ture mijinta gefe ta haɗa kiran da kanta. Sai ga Milan ta cika bango: Haisam cikin baƙar kwat, ana rungumar sa, ana sumbatar kumatunsa, malam yana naɗe takardunsa. An gama. A bayan ango kuwa, ga wani ƙaton gwauro mai sanƙo, yana haki saboda kokawar da ya sha, yana dariyar nasara. Ya zaro farin hankici ya warware shi, zaren zinaren ya ɗauki haske har ana karanta sunayen daga teburin ƙarshe, ya shafe gumin sanƙonsa da shi tun daga goshi har ƙeya, ya cusa a aljihu.

Wannan ta gani sarai. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Ta yi wa ɗanta addu'a da murya a daidaice, ta sa wa amarya albarka, ta ce ta riƙa ba shi abinci. Mata suka rangaɗa guɗa, mai algaita ya kama. Yayan amarya ya leƙo da fara'arsa yana tambayar ina Injiniya, yana so ya ji wacce yake hawa. Wagdi a lokacin yana bayan talabijin ya lafe da bango, sai takalmansa ake gani ta ƙasa. Alhaji, mai rufin asiri har a ranar, ya ce ya ɗan fita.

Da aka kashe kiran, Wagdi ya lallaɓo zai rufe laftof ɗinsa ya sulale. Garin sauri hannun nan da duk kwamfutocin Damanhur ke tsoro ya faɗa kan madannai. Wani bidiyo da ke ɓoye a bayan kiran, an tsayar da shi tun bai yi nisa ba, ya ci gaba daga inda aka bar shi. Wata mata ce mai fara'a, a samanta an rubuta da manyan haruffan Larabci yadda ko mai kifi zai karanta: Linux ga 'yan koyo, darasi na farko. Muryarta ta fito ta lasifikokin biki har tashar jirgi.

"...don haka, 'yan'uwana masu farawa, kafin ku taɓa komai ku riƙe wannan. In kwamfuta tana aiki, kuma ba taku ba ce, ku ƙyale ta."

Ashe daidai nan ya gaji da karatu ya tsayar. Da ya ƙara haƙurin numfashi ɗaya, da ya ji.

Ya kai hannu zai fizge waya, silifa ta sauka a kan wuyan hannun, ba da ƙarfi ba, ajiye ta kawai aka yi. Maman Haisam ta tashi daga kujerar zinare, ta kakkaɓe ta da gefen mayafinta, ta nuna masa.

"Zauna, Injiniya," ta ce. Ranar ce ta farko da sunan ya fito daga bakinta. "Ni ban ga abin da na zauna in gani ba. Kai za ka ga naka har ƙarshe. Nagla, ƙara murya."

Haka aka yi. Babu wanda ya tafi gida. Wagdi na kan kujerar amare, hancinsa dab da gilashi, duk mutanen layinmu na bayansa ana shan sharbat, matar nan tana bayani dalla-dalla yadda ake adana kaya kafin a goge, da yadda ake rubuta kalmar sirri a inda ba za a manta ba. Duk inda ta kai aya mai ganga ya buga mata dum. Da ta zo ƙarshe sai ta ce su Debian da Fedora da Arch duk suna da kyau ga wanda ya san abin da yake nema, amma ɗan koyo ya fara da wadda ba za ta wahalar da shi ba. Wani koren tambari ya cika allon.

Alhaji ya sunkuyo ta kafaɗar surukinsa, ya ƙura ido, ya tambaya da muryarsa mai sanyi, kuma na rantse tsakani da Allah yake tambaya: "Wagdi, ɗana, wannan ba ita ce ta Haisam da ka goge ba?"

Ni kuwa na je tire na ɗauko kwano ɗaya na shinkafa da madara, na soka cokali, na ratsa jama'a na ɗora masa a cinya.

"Ci a hankali, Injiniya," na ce. "Ba ta buƙatar haƙori."